2,147,483,647: Lambar da Euler ya tantance, wadda agogon kwamfutoci zai tuƙe a kanta a 2038

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, cikakkiyar lamba ce mai alƙaluma goma. A fagen lissafi an san ta da cewa ba ta rabuwa, kuma ta shafe kusan shekara 95 tana matsayin mafi girman lamba marar rabuwa da ɗan Adam ya tabbatar. A fagen kwamfuta kuwa, ita ce iyakar ƙidayar ɗimbin na'urori da manhajoji, daga masu riƙe alƙaluman kuɗi har zuwa masu lissafa lokaci. Idan ƙidaya ta kai nan aka ƙara ɗaya, na'urar da aka gina a kan wannan iyaka takan rikice.

Yadda aka gina ta

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lambar ita ce ta ninki. A ɗauka an yi wa ma'aikaci alƙawarin naira ɗaya a ranar farko ta wata, naira biyu a rana ta biyu, huɗu a ta uku, takwas a ta huɗu, kullum ana ninka abin da ya karɓa jiya. A rana ta goma naira 512 kacal zai karɓa. A rana ta 21 zai haura miliyan ɗaya. A rana ta 31 kuwa za a ba shi naira 1,073,741,824. Idan aka tara duk abin da ya samu a watan mai kwana 31, jimillar za ta kama naira 2,147,483,647 daidai, ba ƙari ba ragi.

Masana na rubuta wannan a taƙaice da 2³¹ − 1: a jera lamba 2 har guda 31, a ninka su da juna, sannan a cire ɗaya. A tsarin ƙidayar kwamfuta, wanda bai san komai ba sai 0 da 1, ana rubuta lambar da 1 guda 31 a jere, babu sifiri ko ɗaya a tsakani. Wannan siffa ta cikar kowane gurbi ita ce tushen duk abin da ya sa lambar ta yi suna.

Azuzuwan da take ciki

Da farko dai wutiri ce, ba ta rabuwa gida biyu daidai. Sannan tana cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su ba tare da saura ba face 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Idan aka jera irin waɗannan lambobi tun daga 2, ita ce ta 105,097,565 a layi. Marar rabuwar da ke gabanta ita ce 2,147,483,629, wadda ke bayanta kuma 2,147,483,659. Saboda haka ba ta da abokiyar tagwaitaka, kamar yadda 11 da 13 ko 17 da 19 suke tagwaye da tazarar biyu kawai.

Maƙwabtanta na kusa sun sha bamban da ita ƙwarai. Ta sama, 2,147,483,648, babu komai a cikinta sai 2 da aka yi ta ninkawa. Ta ƙasa, 2,147,483,646, tana warwarewa zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Tsakanin waɗannan biyu masu saukin farfasawa ne ita take tsaye ƙyam.

Akwai kuma wata siffa da ta shafi murabba'i, wato lambar da aka samu ta hanyar ninka wata lamba da kanta, kamar 4, 9 da 16. A 1770 Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar da cewa kowace cikakkiyar lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Yawancin lambobi uku sun ishe su. Amma duk lambar da idan aka raba ta da 8 take barin saura 7, dole sai da huɗu cif. Lamba 7 kanta misali ce: 4 + 1 + 1 + 1. Ita ma 2,147,483,647 saura 7 take bari, don haka tana cikin masu buƙatar huɗun.

Ajin da ya fi ɗaukaka ta shi ne na lambobin Mersenne, wato marasa rabuwar da ke da siffar ninkin 2 a cire ɗaya. Ita ce ta takwas a cikinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Tazarar da ke tsakanin ta bakwai da ta takwas ta isa ta nuna yadda irin waɗannan lambobi ke ƙaranci. Kafin lamba mai wannan siffa ta zama marar rabuwa, wajibi ne adadin ninkin shi ma ya zama marar rabuwa. Alal misali, 2⁶ − 1 ya ba da 63, wadda 3 da 7 suka raba, saboda 6 ɗin kanta tana rabuwa. Sai dai cika wannan sharaɗi bai wadatar ba: 11 ba ta rabuwa, amma 2¹¹ − 1 ya ba da 2,047, wato 23 × 89.

A nan lambar ta ƙara wani mataki. Adadin ninkinta, 31, shi ma lambar Mersenne ne, domin 2⁵ − 1 ke nan. Irin wannan ake kira Mersenne mai ruɓi biyu, kuma guda huɗu kawai aka sani marasa rabuwa: 7, 127, 2,147,483,647, da kuma 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39.

Daga hasashe zuwa hujja

Tarihin lambar ya fara da zato. Pietro Cataldi, masanin lissafi ɗan birnin Bologna a Italiya, ya tabbatar a 1588 cewa 2¹⁷ − 1 da 2¹⁹ − 1 ba su rabuwa. Daga nan sai ya zarce ya yi iƙirarin cewa haka abin yake ga ninki 23, 29, 31 da 37, ba tare da hujja ba. Uku daga cikin huɗun kuskure ne. Pierre de Fermat ya rushe na 23 da 37 a 1640, Leonhard Euler kuma ya rushe na 29 a 1738. Na 31 kaɗai ya tsira, kuma sa'a ce ta tsirar da shi.

Marin Mersenne, limamin Kirista ɗan Faransa wanda sunansa ya bi waɗannan lambobi, ya fitar da nasa jerin a 1644. Ya lissafa ninki 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Shi ma ya yi tuntuɓe: na 67 da na 257 suna rabuwa, kuma ya tsallake 61, 89 da 107 waɗanda ba su rabuwa. An ɗauki kusan ƙarni uku kafin a gama tace jerin nasa.

Wanda ya kawo hujja a kan 2³¹ − 1 shi ne Euler, haifaffen Basel a Suwizalan, wanda ya bayyana sakamakon a wata wasiƙa da ya aika wa Bernoulli a 1772. A lokacin yana zaune a Saint Petersburg ta Rasha, kuma ganinsa ya kusa gushewa baki ɗaya. Yadda ya rage aikin ya cancanci a tsaya a kansa.

Domin a tabbatar lamba ba ta rabuwa, ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita ba. A nan iyakar ita ce 46,340, domin 46,341 × 46,341 ya riga ya haura. Lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da wannan iyaka sun kusa 4,800, kuma raba lamba mai alƙaluma goma da hannu sau 4,800 aiki ne na watanni. Fermat ya riga ya nuna cewa duk mai raba 2³¹ − 1 dole ya zama ninkin 62 a ƙara ɗaya. Euler ya ƙara sharaɗi na biyu, cewa mai rabawar dole ya bar saura 1 ko 7 idan aka raba shi da 8. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama ba a buƙatar gwada kowa sai lambobin da suke ninkin 248 a ƙara 1, ko ninkin 248 a ƙara 63. Waɗannan ba su kai 400 ba, kuma da yawa daga cikinsu suna faɗuwa da kansu tun da su ma suna rabuwa. Babu ko ɗaya da ya raba ta.

Lambar ta riƙe matsayinta har 1867, lokacin da Fortuné Landry ya tabbatar da wata marar rabuwa mai alƙaluma 13. A 1876 Édouard Lucas ya yi tsalle mai nisa zuwa 2¹²⁷ − 1, da wata dabara da Derrick Lehmer ya inganta a shekarun 1930. Dabarar tana da sauƙin faɗi: a fara da 4, a ninka ta da kanta a cire 2, a riƙe saura bayan rabawa da lambar da ake gwadawa, a maimaita. Ga 31, matakan su ne 4, 14, 8, sannan 0, kuma ƙarewa da sifiri shi ne shaidar rashin rabuwa. Ga 2,147,483,647 matakai 29 kacal ake buƙata. Da wannan dabara ce aka tabbatar da lambar Mersenne ta 52 da aka sani, wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 a ƙarƙashin shirin GIMPS na 'yan sa-kai: ninkin 2 har sau 136,279,841 a cire ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320.

Kammalalliyar lamba ta takwas

Abin da ya ja hankalin magabata ga waɗannan lambobi shi ne alaƙarsu da kammalallun lambobi. Lamba tana kammala ne idan jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta dawo daidai da ita. Lamba 6 tana rabuwa da 1, 2 da 3, kuma 1 + 2 + 3 ya ba da 6. Haka 28, 496 da 8,128. Euclid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya nuna tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa kowace marar rabuwa mai siffar ninkin 2 a cire ɗaya tana haifar da kammalalliyar lamba. Ibn al-Haytham ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliyar lamba shafa'i ta wannan hanya take zuwa, Euler ne kuma ya cika hujjar ƙarnoni bayansa. A ƙarni na 13, Isma'il ibn Fallus ya ambaci ta biyar, ta shida da ta bakwai.

Ta takwas ita ce wadda 2,147,483,647 ta haifa: 2,305,843,008,139,952,128. A littafinsa na 1811 kan ilimin lambobi, Peter Barlow ɗan Ingila ya yi hasashen cewa ba za a taɓa gano wadda ta fi ta ba, bisa dalilin cewa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marar amfani, don haka ba wanda zai wahalar da kansa. Hasashen ya faɗi ta fuska biyu, kuma ta fuskar amfanin ce ya fi faɗuwa.

Silin kwamfuta

Kwamfuta tana ajiye lamba a cikin gurabe ƙayyadaddu, kowane gurbi 0 ko 1, wanda ake kira bit. Shekaru da dama ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne gurabe 32. Idan ana son lambar ta iya zama sama ko ƙasa da sifiri, kamar kuɗin shiga da bashi, gurbi ɗaya yakan tafi wajen nuna alamar, a bar 31. Mafi girman abin da 31 za su ɗauka shi ne idan duk sun cika da 1, wato 2,147,483,647. Idan aka ƙara ɗaya, sai ƙidayar ta tsallaka cikin gurbin alama, lambar ta juye ta koma −2,147,483,648, kamar yadda tsohuwar mitar mota ke komawa sifiri bayan 99,999.

Rashin rabuwar lambar ba shi ne ya sa ta zama iyaka ba. Iyakar gurabe 16 ita ce 32,767, wadda 7, 31 da 151 suka raba, kuma iyakar gurabe 64 ma 7 tana raba ta. Amma akwai dacewa mai ban sha'awa: lambobin Mersenne masu ruɓi biyun nan huɗu su ne daidai iyakokin gurabe 4, 8, 32 da 128. Inda rashin rabuwar ya yi aiki kai tsaye shi ne wajen samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta. Tsarin da Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawara a 1988 yana ninka lamba da 16,807, ya raba da 2,147,483,647, ya riƙe saura. Saboda lambar ba ta rabuwa, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, tsarin yana ratsa dukkan lambobi 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa.

An sha cin karo da silin. A Disambar 2014 YouTube ya sanar da cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙidayar masu kallo zuwa gurabe 64, yayin da bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya haura wannan adadi. Wannan abin raha ne. Na 2015 kuwa ba na raha ba ne: hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke kula da janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya kashe kansu idan suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, abin da zai iya raba jirgin da wutarsa ko da yana sama. Idan aka ƙidaya ɗaya bisa ɗari na sakan har sau 2,147,483,647, kwana 248 da rabi ake samu. Kafin a gyara manhajar, umarnin shi ne a riƙa kashe wutar jirgin ana sake kunnawa lokaci-lokaci. A ranar 1 ga Janairun 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a ma'aikatun da ke amfani da Microsoft Exchange, saboda an rubuta kwanan watan sabuwar shekara a matsayin lamba 2,201,010,001, wadda ta fi ƙarfin gurabe 32.

Asubahin 19 ga Janairu, 2038

Tsarin Unix, da zuriyarsa irin su Linux da Android, yana lissafa lokaci ne ta ƙidaya sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970. Sakan 2,147,483,647 shekara 68 ne da 'yan kwanaki. Ƙidayar za ta cika ranar Talata, 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 na asuba agogon GMT, wato 4:14:07 agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ranar Juma'a ce, 13 ga Disambar 1901, zamanin da Sarki Alu yake kan gadon sarautar Kano, fiye da shekara guda kafin Turawa su ci birnin.

Maganin sananne ne, wato a koma gurabe 64, waɗanda iyakarsu ita ce 9,223,372,036,854,775,807. Da wannan ma'auni agogon zai yi shekara biliyan 292 bai cika ba. Yawancin wayoyi da kwamfutocin zamani sun riga sun koma, kuma tun 2020 Linux ya tanadi gyaran har ga na'urori masu gurabe 32. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan na'urorin da ake dasawa a cikin injuna, mitoci, kayan asibiti da na sadarwa, waɗanda kan yi shekara 20 suna aiki ba wanda ya taɓa manhajarsu, da kuma tsofaffin rumbunan bayanai da aka tsara gurbin kwanan watansu tun da can.

Masu mitar wuta ta kati a Najeriya sun riga sun ɗanɗana irin wannan. Kowane katin wuta na tsarin STS yana ɗauke da lambar shaida mai gurabe 24, wadda ke ƙidaya mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993. Gurabe 24 ba su ɗaukar fiye da minti 16,777,216, kuma sun cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa hukumar NERC da kamfanonin rarraba wuta suka yi ta kiran jama'a su shigar da lambobin sauya mabuɗi a mitocinsu kafin wa'adin. Lambar daban ce, cutar ɗaya ce. Gyaran da aka yi ma ɗage wa'adi ne kawai, domin an mayar da mafarin ƙidayar zuwa 2014, kuma za ta sake cika a 2045.

Alƙaluman ƙasar da dama sun riga sun fi ƙarfin gurabe 32. Masu rajistar zaɓe 93,469,008 da INEC ta bayyana kafin zaɓen 2023 suna shiga cikin iyakar har da sarari mai yawa. Lambar waya ba ta shiga: idan aka cire sifirin farko, duk lambar da ta fara da 070, 080 ko 090 ta haura biliyan bakwai. Kuɗi kuwa sun fi saurin cika ta, domin manhajojin kuɗi kan ajiye adadi da kwabo don kauce wa ɓangare, kuma kwabo 2,147,483,647 naira 21,474,836.47 ne kawai. Kasafin kuɗin tarayya na 2025, naira tiriliyan 54.99, ya ninka lambar fiye da sau 25,000 ko da naira aka ƙidaya shi. A gurabe 64 kuwa, ko da kwabo aka rubuta shi, zai shiga fiye da sau 1,600.

Wa'adin 2038 bai jira shekarar ta zo ba. Duk lissafin da ya hango gaba ya riga ya tsallaka shi: fanshon matashin da ya fara aiki bana, bashin gida na shekara 20, da takardun bashin Eurobond da Najeriya za ta biya a 2047, 2049 da 2051. Idan zaɓe ya ci gaba da zuwa duk bayan shekara huɗu, babban zaɓen 2039 shi ne na farko bayan wa'adin, kuma yaran da aka haifa a 2020 za su kaɗa ƙuri'arsu ta farko a cikinsa. Saboda haka, duk lokacin da wata ma'aikata ta kawo buƙatar sayen na'urori ko manhajar da za ta yi shekara 15 tana aiki, tambayar gurabe nawa ne ke riƙe kwanan wata da adadin kuɗi a cikinta tambaya ce da kwamitin majalisa ko ɗan jarida zai iya yi, kuma amsarta lamba ce guda: 32 ko 64.